Toshewar Hanji ko Tsayawarsa: Tsakanin Jira, Allura, Bututu da Tiyata

Kwana uku bayan an yi wa mace aiki an ciro mata jariri, kowa yana sa ran cikinta ya fara sacewa. Wani lokaci kuwa sai a ga akasin haka. Cikin yana ƙara tashi, zanin da ta ɗaura da safe ya matse ta kafin la'asar, fatar ta miƙe tana sheƙi, idan ma'aikaciyar jinya ta ɗora tafin hannu ta ƙwanƙwasa da yatsa sai a ji yana amsawa kamar ganga. Mai jegon ba ta birgima saboda ciwo, amma numfashi yana yi mata nauyi, ta kasa kwanciya rigingine, abinci kuma ya fita daga ranta. A bakin wannan gado ne 'yan uwa sukan rabu gida biyu: wasu su ce iska ce kawai, a dama mata kunun kanwa za ta fita, wasu kuma su ce hanji ya ƙulle, a gaggauta mayar da ita ɗakin tiyata. Dukkan ɓangarorin biyu don ƙauna suke magana, amma dukkansu suna iya jefa ta cikin halaka, domin akwai cututtuka biyu da suke zuwa da wannan kama, kuma maganin ɗaya yana iya zama ajali ga mai ɗayar.

Wanda ya taɓa yin noman rani zai fahimci bambancin da sauri. Ruwa yakan ƙi isa fadama ta hanya biyu: ko dai wani abu ya toshe tiyo, ko kuma tiyon a buɗe yake amma injin ban ruwa ya mutu. Haka hanji yake. A toshewar gaske akwai abin da ya tare hanya, hanji yana ta matsawa amma babu wurin wucewa. A ƙasashenmu abin da ya fi kawo wannan shi ne gwaiwa da ta maƙale ta ƙi komawa, sai tabon da tsohon aiki ya bari a cikin ciki ya ɗaure hanji, sai murɗewar ƙarshen babban hanji wadda ta yawaita a tsakanin maza manya a Afirka, sai ciwon daji, a yara kuma shigar wani sashen hanji cikin wani ko dunƙulewar tsutsar ciki. A ɗaya cutar kuwa hanya a buɗe take tun daga baki har dubura, sai dai naman hanjin ne ya daina matsawa, iska da ruwa suka taru suka kumbura shi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a nan maganar ta rai ce.

Likitoci suna kiran nau'in tsayawar hanji da ke afka wa babban hanji farat ɗaya da sunan ciwon Ogilvie, saboda wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, Heneage Ogilvie, wanda ya ba da bayaninsa a shekarar 1948. Marasa lafiya biyu ya gani da duk alamun toshewar babban hanji, amma da aka buɗe su ba a sami abin da ya tare hanya ba, sai ciwon daji da ya ci jijiyoyin da ke bayan ciki, waɗanda suke kai wa hanji saƙo. Daga nan aka gane cewa hanji yana tafiya ne tsakanin umarni biyu, wata jijiya tana cewa matsa, wata tana cewa dakata, kuma idan mai cewa dakata ta rinjaya sai komai ya tsaya cik. Abin da ke karkata wannan ma'auni yana da yawa. Wani nazari da aka buga a 1986 a kan marasa lafiya 400 ya nuna cewa kusan dukkansu suna fama da wata lalura tun kafin cikin ya kumbura, kamar mummunan rauni, ko cuta mai zazzaɓi, ko ciwon zuciya, ko aikin tiyata. Shi ya sa ba kasafai ake ganin ciwon ga mutumin da yake yawo da ƙafarsa lafiya lau ba. Ya fi kama dattijon da ya karye a ƙugu aka kwantar da shi, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko matar da aka yi wa aikin haihuwa, ko wanda gishirin jininsa ya rikice, musamman idan fotasiyam ya yi ƙasa.

Sai kuma magunguna, wanda a ganina shi ne sanadin da aka fi yi wa sakaci. Duk wani maganin kashe zafi na dangin mofin yana rage motsin hanji, kuma tiramol da kodin suna cikinsu. Gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda shansa ya zama annoba, amma har yau akwai matasan da za a kawo da kumburin ciki su ɓoye wa likita abin da suke sha saboda mahaifinsu yana tsaye a wurin. Haka nan Buscopan da ake saya a kemis don murɗar ciki, da maganin tsayar da gudawa, da wasu magungunan hawan jini da na taɓin hankali, duk suna iya ƙara kwantar da hanjin da dama ya yi sanyi. Wanda ya kawo mara lafiya asibiti ya zo da ledar magungunansa duka, har da na gargajiya, ya fi wanda ya zo da dogon bayani taimaka wa likita.

A wajen alamu akwai bambanci, ko da yake ba ya isa a yanke hukunci da shi kaɗai. Mai toshewar gaske ciwonsa yakan zo ya tafi kamar naƙuda, ya murɗa ya saki, sannan ga amai wanda kan koma kore ko ya yi warin bayan gida, tusa da kashi kuma su ɗauke baki ɗaya. Idan likita ya sa abin saurare yakan ji hanji yana kuka da ƙarfi da farko, domin yana kokawa da abin da ya tare shi. Mai tsayawar hanji kuwa kumburinsa ya fi ciwonsa yawa, cikin yana da laushi idan an danna duk da girmansa, kuma da yawansu suna ci gaba da fitar da 'yar iska ko ruwan gudawa, abin da kan yaudari 'yan uwa su ce ai hanya a buɗe take, babu komai. A nan ya kamata a ambaci tambayar nan da ma'aikatan jinya suke yi wa duk wanda aka yi wa aiki: kin yi tusa? Na sha ganin mace ta sunkuyar da kai ta yi shiru saboda surukarta tana zaune a gefen gado, ko ta ce e don a ƙyale ta. Amsar nan ita ce ma'aunin farko na farfaɗowar hanji, domin bayan aikin ciki ƙaramin hanji kan dawo aiki cikin kwana guda, babban hanji kuwa sai ya kwana biyu zuwa uku. Idan an wuce wannan lokaci ciki yana ƙara girma, to an fita daga abin da aka saba. Ya dace masu jinya su ba mace wuri ta amsa wannan tambaya ba tare da kunya ta rufe mata baki ba.

Abin da ke raba gardama shi ne hoto. Hoton eksire na ciki, wanda ake samu a yawancin manyan asibitocin jiha, yana nuna inda iska ta taru da kuma faɗin hanjin. Likitoci suna da ma'aunin da suke riƙewa a ka: ƙaramin hanji kada ya wuce santimita 3, babban hanji kada ya wuce 6, jakar da ke farkon babban hanji, wadda take ƙasan ciki ta hannun dama kusa da afendis, kada ta wuce 9. A toshewar gaske iska takan tsaya a wani wuri, daga nan zuwa dubura babu komai. A ciwon Ogilvie babban hanji ne yake cika, sau da yawa har a ga iska ta kai ƙasa. Sai dai eksire kaɗai yana iya ruɗar ko da gwani, shi ya sa ake son a ƙara da hoton siti sikan, ko kuma a ɗura wani ruwa mai bayyana a hoto ta dubura a ga ko zai haura ba tare da ya ci karo da shinge ba. Kuɗin wannan hoto yana da nauyi ga talaka, amma idan aka auna shi da kuɗin tiyatar da ba a buƙata, ko da ran da za a rasa saboda an jira abin da ba ya jira, ni dai ban ga inda za a fi kashe kuɗin da amfani ba.

Jakar nan ta farkon babban hanji ita ce wurin da ake tsoro. Ita ta fi kowane sashe faɗi, bangonta kuma siriri ne, saboda haka ita ke fara yagewa, kamar yadda balan-balan yake fashewa ta inda ya fi kumbura. Haɗarin yana ƙaruwa sosai idan faɗinta ya wuce santimita 12, ko kuma kumburin ya haura kwana shida. Idan an gano ciwon Ogilvie da wuri, waɗanda ke rasuwa kusan kashi 15 ne cikin 100, kuma yawancinsu lalurar da ta kwantar da su tun farko ce take ɗauke su. Idan kuwa hanjin ya ruɓe ko ya fashe, adadin yakan kai kusan kashi 40 cikin 100. Duk zaɓin da za a yi a tsakanin hanyoyin magani, waɗannan alƙaluma ne suke jan ragamarsa.

Hanya ta farko ita ce jira, amma kalmar tana da haɗari idan ba a fayyace ta ba. Jiran da ake nufi na asibiti ne, da agogo da ma'auni. Ana hana mara lafiya ci da sha, a sa masa ƙarin ruwa, a zura siririn bututu ta hanci zuwa tumbi don zuƙe iska da ruwa, wani lokaci a sa wani ta dubura. Ana gwada jini a gyara fotasiyam da maganiziyam, a tsayar da duk maganin da ke kwantar da hanji, a tayar da mara lafiya ya taka ko a riƙa juya shi a gado, sannan a maimaita hoto kullum a ga ko faɗin yana raguwa. Mafi yawan masu ciwon Ogilvie suna warkewa da wannan kaɗai cikin kwana biyu zuwa uku, ba a tsaga su ba, kuma ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi da ƙarancin haɗari. Rauninta shi ne tana buƙatar ido. A asibitin da babu mai sake duba ciki da dare, ko babu halin maimaita hoto, jira yakan rikiɗe ya zama mantuwa.

A nan ne kuma maganar kanwa take shigowa. Mutane da yawa sun ɗauka kanwa tana gyara gishirin jiki, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ba fotasiyam ɗin da hanji yake nema ba, kuma idan ta haɗu da ruwan tsamin tumbi iska take haifarwa. Haka maganin wankin ciki mai zaƙi irin laktulos, ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suna cinsa su ƙara iska. Ba wa mai irin wannan kumburi kunu ko jiƙo a ɓoye, bayan likita ya ce kada a ba shi komai, ƙara wa tulun da ya cika ruwa ne. Na san da wuya uwa ta ga 'yarta mai jego kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, amma ƙarin ruwan da ke shiga jijiya yana riƙe ta.

Hanya ta biyu allurar neostigmine ce, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki a cikin dukkan hanyoyin. Tsohon magani ne mai araha wanda masu ba da maganin barci a ɗakin tiyata suke amfani da shi don farfaɗo da naman jiki bayan aiki, don haka ko asibitin da ba shi da manyan na'urori yana iya samunsa. Aikinsa shi ne ƙarfafa jijiyar nan mai cewa matsa. A 1999 wasu likitoci a birnin Siyatil na Amurka suka gwada shi a kan mutum 21 da jira bai yi musu amfani ba. Daga cikin 11 da aka yi wa allurar, 10 sun saki iska cikinsu ya sace, galibi cikin 'yan mintoci, alhali daga cikin 10 da aka ba ruwan gishiri kawai babu ko ɗaya da ya samu sauƙi. Ana ba da miligiram 2 ta jijiya a hankali cikin minti uku zuwa biyar. Sai dai maganin yana rage bugun zuciya, har biyu daga cikin waɗanda aka yi gwajin da su sai da aka ba su atropine, wato maganin da ke ƙara bugun zuciya, saboda haka dole ne a yi allurar ana kallon bugun zuciya, atropine kuma yana ajiye a hannu. Yana kuma kawo dalalar miyau da murɗar ciki da amai, kuma bai dace da mai asma ko mai raunin bugun zuciya ko mai ciwon ƙoda mai tsanani ba. Babban sharaɗinsa shi ne a tabbatar babu toshewar gaske, domin tilasta wa hanji ya matsa alhali gabansa a ɗaure yake yana iya fasa shi. Wannan ba allurar kemis ba ce ko kaɗan. Wani lokaci kumburin yakan dawo, a sake yin ta ko a wuce zuwa mataki na gaba.

Hanya ta uku ita ce zura bututu mai kyamara ta dubura a zuƙe iskar, dabarar da aka fara ba da rahotonta a 1977. Tana da fa'ida biyu, domin tana rage kumburi kuma tana ba likita damar ganin bangon hanji da idonsa, ya san ko ya fara baƙi. Amma aiki ne mai wuya a cikin hanjin da ba a wanke ba kuma ya riga ya yi siriri, yana iya hudawa, kumburin kuma yakan dawo idan ba a bar wani bututu a ciki ba. A wurarenmu ma ba kowane gari ne yake da na'urar da gwaninta ba, sai manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu. Idan aka ɗora ta a sikeli da allura, allura ce ta fi dacewa a fara da ita, bututu kuma ya zama na wanda allura ta ƙi shi ko ba ta dace da shi ba.

Tiyata ita ce ta ƙarshe ga mai tsayawar hanji, ita ce kuma ta farko ga yawancin masu toshewar gaske, kuma a nan ne cututtukan biyu suka fi yin hannun riga. Gwaiwar da ta maƙale ko hanjin da ya murɗe ba sa jiran gobe, domin jini yana yankewa daga sashen da ya shaƙe, kowace sa'a kuma tana ƙara tsawon abin da za a yanke. Mai ciwon Ogilvie kuwa idan aka buɗe shi ba tare da dalili ba, an ƙara masa ainihin abubuwan da suka tsayar da hanjinsa, wato maganin barci da taɓa hanji da magungunan kashe zafi, a jikin da dama ya raunana. Amma akwai alamun da idan suka bayyana, gardama ta ƙare ko wace cuta ce: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki ya yi tauri kamar katako, zafi mai tsanani musamman a ƙasan dama, ko hoto ya nuna iska ta fita daga hanji ta taru ƙarƙashin haƙarƙari. A lokacin ana yanke sashen da ya lalace, wani lokaci a fito da bakin hanji ta bangon ciki a sa jaka na wani lokaci. Iyalai da yawa suna ja da baya idan suka ji maganar jaka, har su nemi a sallame su su tafi gida. Ina roƙon duk wanda ya sami kansa a wannan hali ya tambayi likita ko za a iya mayar da hanjin daga baya, domin sau da yawa ana mayarwa bayan 'yan watanni. Kada kuma a manta da taifod: yaro ko matashin da ya yi mako biyu yana zazzaɓi sannan cikinsa ya kumbura ya yi shiru, abin da za a fara zargi shi ne hanji ya huje, kuma wannan na tiyata ne ba tare da ɓata lokaci ba. Ita ma mai jegon da aka fara magana a kanta, sai an tabbatar ba jini ne yake zuba a ciki ba kuma ba a ji wa hanji rauni lokacin aiki ba, kafin a ce tsayawa ce kawai.

Akwai wani nau'in tsayawar hanji da ba ya zuwa farat ɗaya, yana kuma da wuyar samu. Shi wannan yakan daɗe shekaru yana tashi yana kwantawa, ya fi shafar ƙaramin hanji, mai shi yana rama saboda duk abin da ya ci sai ya tsaya masa. Wasu da shi aka haife su saboda lahani a naman hanji ko jijiyoyinsa, wasu kuma yana biyo bayan wata cuta, kamar ciwon sukari da ya daɗe, ko cutar da ke sa fata da naman ciki su yi tauri, ko cutar karkarwa ta tsufa, a Kudancin Amurka kuma cutar Chagas, wadda wani ƙwaro yake yaɗawa. A nan lissafin ya sha bamban, domin ba a neman warkewa cikin kwana uku, ana neman yadda mutum zai rayu yana samun abinci. Ana ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai ruwa-ruwa, maras maiƙo da ƙarancin dusa, da magungunan da ke zaburar da hanji, da na kashe ƙwayoyin cutar da kan yi yawa a hanjin da ba ya motsi, idan abin ya tsananta kuma a ciyar da shi ta bututu ko ta jijiya.

Babbar musibar masu wannan nau'i ita ce maimaita tiyata. Duk lokacin da ciwon ya tashi suka je sabon asibiti, hoto yakan nuna abin da ya yi kama da toshewa, a buɗe su, ba a sami komai ba, a ɗinke. Kowane buɗewa kuma yana barin tabo a ciki, tabon nan kuwa yana iya haifar da toshewar gaske daga baya, har ya zama likita na gaba ba shi da tabbacin wacce yake gani. Wanda aka taɓa buɗewa aka ce ba a ga abin da ya toshe ba, ya nemi a rubuta masa abin da aka gani a takarda, ya haɗa da tsofaffin hotunansa da sunayen magungunansa a leda guda, ya riƙa tafiya da ita duk asibitin da za shi, ya miƙa wa likita tun kafin a fara maganar ɗakin tiyata.